Kunnen Rabilu

Shekara goma sha tara ke nan Rabilu yana zaune a rumfa guda, a bakin kwaltar da ta ratsa Dogon Dutsi, tsakanin mai facin taya da wata mata mai tuyar ƙosai. Aikinsa wutar mota: fitila, oda, batir. Amma ba waɗannan ne ke kawo masa mutane daga Tibiri da Matankari ba. Kunnensa ne. Kuma kunnen nan shekara biyu ke nan yana mutuwa, ba wanda ya sani sai matarsa.

A wani ƙauye kusa da Geceme aka haife shi. Ya yi lekol, makarantar boko, har aji shida, ya faɗi jarrabawa sau biyu, ubansa ya miƙa masa hauya. Damina ɗaya ya yi a gona kafin kawunsa, ƙanen mahaifiyarsa, ya zo ya tafi da shi Dutsi, ya damƙa shi hannun Ɗantala mai gyaran rediyo. Ɗantala ba ya bayani. Yakan kunna kaset, ya riƙa murɗa maɓalli a hankali, ya ce, "Faɗa mini inda ta fara ƙarya." Ƙarya a bakinsa ita ce wurin da sauti ya daina fita sumul, ya soma ɗan karcewa can ciki, tun kafin kowa ya lura. In Rabilu ya makara, ya sha ranƙwashi. In ya yi gaggawa, ya sha ranƙwashi. Cikin shekara uku ya riga maigidansa ji, tsohon kuwa bai taɓa yaba masa ba, sai dai ya daina ranƙwashin.

Da motocin Kwatano suka yawaita a gari, samari suka shiga ɗora kayan kiɗa a bayan mota. Abu biyu ne ginshiƙin aikin: ampli, ɗan akwatin ƙarfe mai ƙara wa sauti ƙarfi, da buma, babban bafil ɗin nan, wato lasifika, mai fitar da ƙasan kiɗa, wanda ake ji a ƙirji tun motar tana nesa. A jikin ampli akwai wani ɗan maɓalli da ake juyawa da bakin sukundireba. In an bar shi ƙasa, mai mota ya ce an cuce shi. In an wuce da shi, ampli ya riƙa tura abin da ya fi ƙarfinsa, zaren jan ƙarfen da ke cikin buma ya ɗau zafi har ya ƙone. Tsakanin biyun nan akwai wuri ɗan siriri, kuma Rabilu kunne yake sawa ya same shi.

Yana da yadda yake yi, duk gari an sani. Sai ya durƙusa bayan mota, ya rufe ido, ya murɗa har sautin ya fara ƙarya, ya ɗaga yatsa ya ce wa mai motar, "Ka ji ta?" Mai mota ya kasa kunne, ya kasa kunne, can ya ce, "Wallahi na ji." Sannan Rabilu ya dawo da maɓallin baya kaɗan, ya rufe. Wannan ɗaga yatsa shi ake zuwa gani. Akwai mita a akwatinsa, ta auna batir da neman wayar da ta yanke, amma a Dutsi wanda ya ɗora mita a kan kiɗa ɗan koyo ne, ba wanda zai ba shi motarsa.

Kunnen dama ne ya fara. Wani siririn kuka ya shiga ciki, kamar na gyare, bai ƙara fita ba. Daga baya na hagu ya bi. Ba wai ya kurmance ba ne gaba ɗaya: yana jin injin mota, yana jin kiran salla, yana jin mutum in ya fuskance shi. Saman sauti ne ya tafi, kuma a nan ƙaryar take zaune. Ya je likita a ɓoye, a Dosso, don kada ya haɗu da idon sani. Aka leƙa, aka ce kunnen ba datti, jijiya ce ta gaji da ƙara, ba ta dawowa. Aka ce ya nisanci ƙara. Ya yi godiya, ya hau mota ya komo rumfarsa.

Ina zai nufa? Gonar ubansu an raba ta tsakanin maza biyar, rabonsa ba ya ciyar da gida wata uku. Ɗiya huɗu gare shi, babbarsu Hanifa tana lise, babbar sakandare. Sai ya koyi dabaru. Yana kallon baki in ana magana. Yana dariya in ya ga ana dariya. A wurin aiki kuma yakan tsaya inda hannunsa ya saba tsayawa ga irin wannan ampli, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Ka ji ta?" Mutane kuwa suna cewa sun ji. Har yau bai san nawa ne suka ji da gaske ba.

Ranar wata Alhamis cikin bazara, Khalid ya faka mota gaban rumfar. Khalid ɗan kawun nan ne da ya kawo shi gari, wato taubashinsa, mai shagon kayan waya a kasuwa. Rabilu ya girme shi da shekara goma sha biyar, amma tsakanin taubasai ba girma, kuma duk abin da ɗaya ya faɗa, ɗayan ba shi da ikon fushi.

"Bawan gidanmu! Tashi ka gaida ubangidanka."

"Wane ubangida, wanda na goya yana zuba mini fitsari a baya?"

"Albarka ce na zuba maka, da ita kake ci har yau. Zo ka ga kaya."

Ya buɗe bayan motar. Buma ce sabuwa, faɗinta ya kai faifai babba, daga Sakkwato. Kusa da ita ampli ɗan ƙarami, ja, an rubuta wat dubu biyu a kwalinsa da manyan lambobi. Jibi Asabar za a ɗauko amaryar abokinsa daga Matankari, kuma motar Khalid ce za ta ja kortej, jerin motocin rakiyar amarya.

Rabilu bai kalli kwalin ba. Ya juya bumar ya karanta ƙaramin rubutun da ke gindinta: ɗari biyar take ɗauka a aikin yau da kullum. Ya zaro fizibil ɗin amplin, wato fis ɗinsa, ya duba lambarsa, ashirin da biyar. Ampli ba ya ba da abin da fizibil ɗinsa ba ya bari ya wuce.

"Wanga ko ɗari biyu ya ba da, ya yi ƙoƙari."

"To madalla," in ji Khalid. "Da gangan na ɗauko ƙarami. Ita tana cin ɗari biyar, shi yana ba da ɗari biyu. Ta ina za ta ƙone? Ka ga hankalin masu gida."

"In ka bar shi ya ba da ɗari biyunsa, ta shekara goma lafiya. Amma ba ka bari. Za ka ji bai kai yadda kake so ba, ka matsa masa. In ya kai iyakarsa kana matsawa, abin da yake tura mata ba kiɗa ba ne, zafi ne. Ƙananan nan sun fi manya ƙona buma a garin nan. Mayar da shi ka ɗauko mai ɗari huɗu ko biyar."

"Zuwa Sakkwato? Kafin jibi? Kai dai ka sa kunnen nan naka da anka ce ba irinsa. Ko ya tsufa?"

Rabilu ya yi dariya, don ita ce amsar taubashi. Bai taɓa haɗa irin wannan amplin ba. Hannunsa bai san inda zai tsaya ba.

Da azahar ya koma gida cin abinci, ya kasa ci. Zalihatu, matarsa, ta zauna ta hagunsa yadda ta saba yanzu. Ita ta kai aji huɗu na kwaleji kafin aure, tana jin Faransanci fiye da shi nesa ba kusa ba. Da ya gama ba ta labari ta ɗauko wayarta, ta yi ta dannawa har tuwon ya huce. Ta samo wani bidiyo, wani mutum yana nuna yadda ake daidaita ampli da mita ba tare da kunne ba. Tana saurare tana fassara masa, tana fuskantarsa. A cire wayar buma, a sa wani sauti guda mai tsawo, a ɗora mita a bakin ampli, a murɗa har lambar da aka lissafa ta fito.

"Baban Hanifa, nawa ka ce yana bayarwa?"

"Ɗari biyu."

"Ita kuma ɗaya lambar da ke gindinta, ban da ɗari biyar ɗin?"

"Huɗu."

Ta danna lissafin a waya. "Ashirin da takwas. In mita ta nuna ashirin da takwas, ka tsaya."

Ya daɗe yana kallon lambar. Shekara uku na ranƙwashi, ga shi a waya cikin minti biyar.

"In anka gan ni da mita a kan kiɗa, na gama."

"To wa zai gan ka? Kawo motar gida."

Ranar Juma'a bayan la'asar ya shigo da motar cikin gida, ya ce wa Khalid saboda ƙura da hannun mutane. Zalihatu ta riƙe waya, shi ya riƙe mita. Lamba ta hau, sha tara, ashirin da uku, ashirin da takwas. Ya tsaya. Da bakin allura ya ja ɗan layi a jikin amplin daidai inda tsagar maɓallin ta tsaya, wanda ba mai gani sai wanda ya san yana nan. Sannan ya mayar da maɓallin ƙasa, domin gobe sai an yi abin a gaban mutane. Rabon da ya ci abinci ya ƙoshi kamar na yammacin nan an daɗe.

Asabar da hantsi abokan ango suka cika gaban rumfar, sun fi ashirin, duk cikin shadda iri ɗaya. Har Naziru ya tsallako kallo, mai irin wannan sana'a a ɗaya gefen kwalta, wanda ya buɗe rumfarsa bara bayan ya dawo daga Sakkwato. Aka kunna kiɗa. Rabilu ya durƙusa, ya rufe ido, ya bar ɗan tsaga yana kallon layinsa. Ya murɗa a hankali har tsagar ta hau layin. Ya cire sukundireba ya miƙe.

"Shi ke nan."

Motar tana bugawa, gilashin baya yana rawa. Khalid ya karkata kai.

"Wanga ne duka? Ko kajin Matankari ba su tashi."

"Iyakarsa ke nan. Na faɗa maka ƙarami ne."

"A'a, tsaya. Ba ka nuna mini ƙaryar ba. Kowa kana ɗaga masa yatsa, ni don ka raina ubangidanka? Jama'a, kun ga ya ɗaga yatsa?"

"Bai ɗaga ba!"

"Murɗa mu ji inda ta fara, sannan ka dawo."

Rabilu ya sake durƙusawa. Bai yi tunanin wannan ba jiya. Lissafin ya ce ashirin da takwas, amma bai ce a ina ƙaryar take ba. Tana iya kasancewa gashi ɗaya gaba da layin, tana iya kasancewa da nisa. In ya ɗaga yatsa sautin yana nan sumul, kunnuwa arba'in na samari suna tsaye a kansa, da na Naziru. In ya makara, haka. Ya murɗa kaɗan. Ƙirjinsa yana jin bugun, haƙoransa suna ji. A kunne kuwa gyaren nan ne, da wani gunji mai kauri kamar ana daka a gidan maƙwabta.

"Ta fara?" in ji Khalid.

"Da saura."

Ya ƙara. Ya buɗe ido yana neman amsa a fuskoki, yadda yake neman magana a baki. Samarin suna ta gyaɗa kai, su ƙara kawai suke so. Sai ya ga Naziru. Naziru ba motar yake kallo ba. Shi yake kallo, da ɗan mamaki, kamar mai jiran wani abu da ya kamata a ce an riga an yi.

Rabilu ya ɗaga yatsa. "Ka ji ta?"

"Na ji! Yanzu ka yi aiki. Dawo kaɗan, kaɗan fa, kada ka mayar da ni gidan jiya."

Ya dawo kaɗan, kamar yadda ya saba dawowa. Ya duba. Tsagar tana gaba da layin da kusan faɗin ƙwayar gero uku. Hannunsa yana kan sukundireba, abin da ya rage ya ƙara dawowa ne kawai, amma Khalid ya sunkuyo a kafaɗarsa yana kallon hannun, kuma shekara goma sha tara ba a taɓa ganin ya dawo sau biyu ba.

"Kada ka ƙure rediyon," ya ce. "Rabi ya isa."

"Ji bawa yana ba da oda!" Aka kwashe da dariya, aka rufe bayan mota, aka tafi.

Labarin ya riga motar dawowa. Sun je lafiya. A hanyar komowa, amarya da ƙawayenta biyu suna kujerar baya, rana ta take, rediyo a ƙure tun daga Matankari, sai wari ya taso kamar an jefa roba a wuta. Kiɗan ya shaƙe ya mutu, hayaƙi ya biyo ta bayan kujera. Mata suka yi kururuwa, aka tsaya tsakiyar hanya, aka fitar da amarya lulluɓe cikin rana aka sa ta a wata motar. Ba wanda ya ji ciwo. Motar da ta ja kortej ita ta shigo gari a ƙarshe, shiru.

Lahadi da safe Rabilu yana sunkuye kan wani batir, ya ba hanya baya, sai ya ga inuwa ta faɗo kan teburinsa. Ya ɗago. Khalid ne rungume da bumar, ya zagayo ta gabansa. Mai facin taya da mai ƙosai duk sun bar abin da suke yi suna kallo.

"Sau uku na kira sunanka," in ji Khalid. "Ina nan bayanka."

Ba wasa a fuskarsa. Ya ajiye bumar, warin ƙuna yana tashi daga cikinta. Rabilu ya jawo masa benci, ya nuna masa hagunsa. Khalid ya dubi wurin da aka nuna, ya dubi Rabilu, ya zauna.

"Naziru ya ce tun kafin ka ɗaga yatsa da daɗewa ta fara. Ya ce shi ya ɗauka gwada mu kake yi."

Rabilu ya ɗauko amplin daga hannunsa, ya juya shi ga haske, ya nuna masa layin allurar. Ya faɗa masa na mita, da na Zalihatu, da na Dosso. Bai ɗaga kai ba har ya gama.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Yaya," in ji Khalid. Bai taɓa kiransa haka ba. "Mi ya hana ka faɗa mini? Da ka ce a bar shi kan layi, wallahi da na bari."

"Gaban mutum ashirin?"

Khalid ya ce shi ba zai faɗa wa kowa ba, ya rantse. Rabilu ya yarda da shi, kuma ya san rantsuwar ba ta da sauran amfani, domin mai ƙosai ta ga kira ukun nan da idonta.

Ba wanda ya zo ya ci masa fuska. Abin da ya faru ya fi haka sauƙi. Mutane suka fara ɗaga murya in suna gaishe shi, da kirki, suna matsowa kusa. Masu fitila da batir ba su daina zuwa ba. Masu kiɗa kuwa sai su rage gudu gaban rumfarsa, su ɗaga hannu, su tsallaka wurin Naziru. Khalid ya daina ce masa bawa. Yanzu gaisuwa yake yi har da tambayar iyali, kuma wannan ta fi yi wa Rabilu ciwo.

Zalihatu ta ce tunda an sani, ya fito da mitar fili. Ya gwada. Wani malamin makaranta da aka yi wa canji zuwa garin ya yarda, aka daidaita masa da lamba, kayansa suna nan lafiya har yanzu. Na biyu direba ne ɗan Tibiri. Ya tsaya yana kallon wayoyin mitar, ja da baƙi, ya ce, "Malam, ba raini ba, bari in kai wa mai ji." Ba a samu na uku ba tukuna.

Wani aikin ne ya zo maimakon wancan. Naziru yana da kunne, amma ba ya iya ce wa mai mota a'a, kuma kasuwa cike take da ƙananan ampli masu manyan lambobi a kwali. Bumar da ta ƙone ba a yar da ita. Ana yanke takardar fuskarta, a ciro zaren da ya babbake, a naɗa sabo, layi kan layi, a manne. Aiki ne na ido da haƙuri, Naziru ba shi da lokacinsa. Yanzu a kowane mako biyu ko uku suke zuwa teburin Rabilu, baƙi ƙirin a ciki.

Ran nan direban nan na Tibiri ya kawo tasa. Kwana biyu Rabilu yana naɗi. Da ya gama ya ɗauko ƙaramin batir na tocila ya taɓa wa wayoyin, takardar ta yi tsalle ƙarƙashin tafinsa.

"Ta tashi," ya ce. "Amma amplinka ya yi mata kaɗan. Ko ka sami babba, ko ka haƙura da abin da wanga ke bayarwa. In kunka matsa masa, za ta dawo."

"To, Malam! Na ji!" in ji direban da ƙarfi, yana nuna kunnensa don a gane.

Ya rungumi bumar ya tsallaka kwalta. Rabilu yana zaune yana hangen su: Naziru ya sunkuya cikin bayan motar, direban yana tsaye kansa, tafin hannunsa a buɗe yana ɗaga shi sama, yana ƙara ɗagawa, alamar a ƙara sauti. Sauran zaren da ya rage daga naɗin yana kan tebur. Rabilu ya nannaɗe shi a ɗan kara, ya rubuta lambar motar a jiki, ya sa a aljihun tebur.